KASUWA DA HUKUMA: Kayan gyaran mota a Diffa, ina tsadar take shiga?

Duk wanda ya san garin Diffa ya san cewa arzikinsa a kan taya yake tafiya. Tattasan da ake nomawa a gaɓar kogin Komadugu, tun daga yankin Shetimari har zuwa Geskeru da Bosso, ba ya zama kuɗi sai kamyo ya ɗauke shi ya kai kasuwa. Haka abin yake ga bandar kifin tafkin Cadi, da dabbobin yankin Ngigmi, da maras lafiyar da za a garzaya da shi babban asibiti, da ma'aikacin da aka tura rangadi cikin rairayin Ngurti. Alhali kuwa babu ko ƙusa ɗaya daga cikin ƙarafan waɗannan motoci da ake ƙerawa a jahar. Kusan kowane birki da kowane famfon gazuwal sai da ya ƙetare teku, ya ƙetare iyaka ɗaya ko biyu, kafin ya iso hannun makaniki. Shi ya sa maganar kayan gyaran mota, waɗanda ƴan garaji ke kira piyes, da maganar kuɗin fiton da ake biya a kansu, ta shafi manomin da bai taɓa riƙe sitiyari ba kamar yadda ta shafi mai kamyo goma.

Ƙorafin da aka fi ji a tasha da garaji shi ne duwan ta yi tsada. Ƙorafin yana da gaskiyarsa, domin kashi ɗaya cikin uku na darajar kaya ba ƙaramin kuɗi ba ne. To amma idan aka zauna da alƙalami, aka bi kayan tun daga inda aka saye su, za a tarar cewa kuɗin da doka ta rubuta shi kaɗai ne ɓangaren tsadar da ɗan kasuwa ke iya sani tun kafin ya fitar da ko dala. Abin da ke karya jari yana cikin sauran: kwanakin jira da ba a san adadinsu ba, da darajar da ake yanka wa kaya ta hanyar ciniki a ƙofar biro, da ƙarfen da zai iso bayan wata biyu a tarar ba na wannan motar ba ne.

Hanyoyi uku da kayan ke bi

Hanya ta farko, kuma mafi tsufa, ita ce ta Najeriya. Daga Diffa zuwa Yamai kimanin kilomita 1.360 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda aka shimfiɗa wa ɓangarenta na gabas kwalta a shekarun 1970 da taimakon ƙasar Kanada. Maiduguri kuwa ba ta kai kilomita 250 ba. Wannan tazara ce ta sa naira ta zama kuɗin ciniki a kasuwannin gaɓar Komadugu, ta kuma sa makanikin Diffa ya fi sanin shagunan Maiduguri a kan na babban birnin ƙasarsa. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙarafan 404 da 504 suka wadata a duk faɗin yankin. Daga 1986, lokacin da darajar naira ta fara zubewa, kayan Najeriya suka ƙara araha ga mai sefa a hannu. Ƙarfe yakan taso daga kasuwar Ladipo ta Legas ko daga Nnewi, ya biyo ta kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya sauka Maiduguri, ya wuce Damasak, ya shigo ta gadar Dutsi.

Wannan hanya ta daina zama abin dogaro tun daga ƙarshen 2014, lokacin da Damasak ta faɗa hannun Boko Haram. Ran 6 ga Fabrairun 2015 aka kai wa Bosso da Diffa hari, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka kuma dakatar da cinikin tattasai har zuwa 2017. Ƴan kasuwa suka koma zagayawa ta Gaidam zuwa Maine-Soroa, ko kuma daga Kano zuwa Damagaram, sannan a ƙara kimanin kilomita 470 zuwa Diffa. Bayan haka Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Cikin shekara goma ke nan, sau uku mai shagon piyes ya wayi gari ya tarar ƙofar da ya saba bi a toshe.

Hanya ta biyu ita ce ta tashoshin jiragen ruwa. Shekara da shekaru Kwatano ce ƙofar Nijar ta teku: kaya su sauka can, su hau jirgin ƙasa zuwa Paraku ko su hau kamyo kai tsaye, su ƙetare gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Ta nan injinan gwanjo na Turai suka riƙa shigowa, waɗanda ake kira ƴan Baljiyam saboda tashar da aka fi loda su. Daga baya manyan ƴan kasuwa suka karkata zuwa Sharja da Dubai, inda ake tara ƙarafan motocin Japan da aka kwance, da kuma Guwanju ta ƙasar Sin, inda ake samun sabbi masu sauƙin kuɗi. An rufe gadar Gaya a ƙarshen Yulin 2023, kuma Nijar ta bar nata gefen a rufe duk tsawon 2024 da 2025. A waɗannan shekaru kwantenoni sun koma sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja, tafiyar da kafin ta ƙare a Diffa ta haura kilomita 2.500, ban da makwannin jiran ayari ya cika.

Hanya ta uku sabuwa ce, kuma ma'aikata ne suka fi bin ta. Mutum yana zaune a biro, da wayar hannu, ya ga ƙarfen motarsa a intanet ko ɗan'uwa ya aiko masa da hotonsa ta WhatsApp daga Faransa ko Dubai, ya aika da kuɗi, a sako ƙunshin a jirgin sama. Ƙunshin yana sauka ne a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, can ake yi masa duwan, sannan a ba direban bas ya kawo. Hanyar tana da sauri, amma jirgin sama da kilo yake lissafi, ƙarfe kuma nauyi gare shi. Ba abin mamaki ba ne kuɗin aike ya zarce kuɗin ƙarfen kansa, kuma kamar yadda za a gani, shi ma kuɗin aiken sai an biya masa fito.

Yadda duwan ke lissafi

Tambaya uku ɗan duwan ke yi wa kowane kaya: mene ne, ƙirar wace ƙasa ne, nawa ne darajarsa. Ta farko ta fi yadda ake zato wuya. Abin da makanikin Diffa ke kira fulogi, na Yamai buji yake ce masa, amma kundin duwan bai san ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba, lamba ya sani. Yawancin kayan gyaran mota suna ƙarƙashin lamba 87.08, to amma inji yana da tasa lambar, taya tana da tata, batir ma haka, kuma kowace lamba da kason da aka ɗora mata. Kwali ɗaya mai ƙarfe iri goma yana iya ƙunsar kaso biyu ko uku. Wanda ya rubuta «kayan mota» kawai a takardarsa, ya bar wa wani ikon zaɓa masa lamba, kuma da wuya a zaɓa masa mai sauƙi.

Kason ba ƴan duwan na Diffa ne suka ƙaga shi ba, ba ma gwamnatin Nijar ita kaɗai ba. Tun ran 1 ga Janairun 2000 ƙasashen UEMOA suka ɗauki jadawali guda mai rukuni huɗu: kashi 0, kashi 5, kashi 10 da kashi 20 cikin 100. Ran 1 ga Janairun 2015 jadawalin CEDEAO ya fara aiki, ya ƙara rukuni na biyar mai kashi 35, ita ma UEMOA ta mai da shi nata. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025, amma ficewar ba ta shafi zamanta cikin UEMOA ba. A watan Maris na 2025 kuma ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka kafa nasu harajin na rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje.

Ga misali, don mai karatu ya gwada da nasa alƙalamin. A ce ɗan kasuwa ya sayi ƙarafa na jikka 400, ya biya jigila jikka 90, inshora jikka 10. Duwan ba ta kallon jikka 400 ita kaɗai. Tana haɗa ukun ne, su zama jikka 500, abin da takardu ke kira darajar CAF. In kayan sun faɗa rukunin kashi 10, fito ya kama jikka 50. Kuɗin ƙididdiga, kashi 1, jikka 5. Sai harajin TVA na kashi 19, wanda ake ɗorawa a kan darajar kayan haɗe da fiton da aka riga aka lissafa, wato a kan jikka 555, ya kama jikka 105 da ƴan kai. Ƙananan harajin ƙungiyoyi, in an tara su, ba su kai kashi 2 ba. Jimla ta tashi tsakanin jikka 165 da 170, kimanin sulusin darajar kayan. Da a rukunin kashi 20 suka faɗa, da jimlar ta kai wajen jikka 226, kusan kashi 45 cikin 100.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na farko, TVA ce mafi nauyi, ta ninka fiton kansa, alhali ita ce ɗan kasuwan da ke da rajista da lambar haraji ke iya cirewa daga TVA ɗin da ya karɓa wajen masu saye. Wanda ke ciniki ba rajista, shi ke haɗiye ta gaba ɗaya. Na biyu, tun da komai kaso ne na daraja, duk abin da ya taɓa canjin kuɗi ya taɓa fito. Manyan ƴan kasuwa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100: farashin ƙarfen Turai ya ninka a dare ɗaya, fitonsa ma ya bi shi. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro, yuro 100 suna daidai da sefa 65.596, saboda haka mai saye a Turai yana iya yin lissafinsa daram. Mai saye da dalar Amurka ko dirhamin Dubai kuwa, canjin lokacin da aka shigar da takardarsa a duwan za a bi, ko da ya bambanta da na ranar da ya biya.

Tambayar asali ita ce ta fi cutar mutanen Diffa ba tare da sun lura ba. Rangwamen da aka tsara tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma na kayan da aka ƙera a cikin yankin ne, masu takardar shaidar asali. Ƙarfen da aka ƙera a Japan ko Sin, ya sauka Legas, ya biya fito ga Najeriya, bai zama ɗan Najeriya ba don ya kwana a shagon Kano. Idan ya ƙetaro Komadugu, baƙo ne, zai sake biyan cikakken fito ga Nijar, kuma a kan farashin da ya riga ya ƙunshi fiton farko da ribar dillalai biyu ko uku. Gari mai nisa da teku ke nan yake biyan haraji sau biyu a kan ƙarfe ɗaya. Wannan ba ya halatta fasa-ƙwabri, amma duk mai son ya gane dalilin yawansa a gaɓar kogin, daga nan ya kamata ya fara.

Ciniki a ƙofar biro

Tambaya ta uku, ta daraja, ita ce uwar rigima. Al'ada ce da ta daɗe ɗan kasuwa ya nemi mai sayar masa ya rubuta faktir biyu, ta gaskiya don aljihu, ta rabin kuɗi don duwan. Shi ma ɗan duwan, da yake ya san da haka, sai ya daina yarda da kowace faktir, ya yanka nasa farashin. Daga nan ciniki ya buɗe, a yi ta tayi da albarka kamar ana sayen rago. Kayan gwanjo sun fi kowane ba da ƙofa, domin babu kundin da ya rubuta farashin injin da aka ciro daga motar da ta yi shekara goma sha biyar tana aiki. Wanda ke shan wuya a wannan tsari shi ne mai faktir ta gaskiya: ba a yarda da shi ba, an ƙara masa kamar yadda ake ƙara wa kowa, ya biya fiye da maƙaryaci. In ya ga haka sau biyu, a karo na uku shi ma faktir biyu zai nema. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne doka ta ba mai kaya makamai. Nijar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 1996, kuma yarjejeniyar ƙungiyar kan kimanta kaya ta ce tushen daraja shi ne farashin da aka biya da gaske. In duwan ta yi shakka, tana da ikon neman ƙarin shaida, amma mai kaya yana da haƙƙin ya nemi a rubuta masa yadda aka kai ga darajar da aka sa, yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, yana kuma da haƙƙin ya ajiye jingina ya ɗauki kayansa kafin a gama gardama. Sai dai waɗannan makamai mai takardar gaskiya kaɗai suke yi wa amfani: faktir, da shaidar aika kuɗi ta banki, da takardar jigila, dukansu suna faɗin magana ɗaya. Wanda ya aika da kuɗi ta hannun ɗan canji, ya riƙe faktir ta bogi, ba shi da bakin gardama, dole ya karɓi abin da aka yanka masa.

Wasu kuma sukan ga gara a kauce wa biron gaba ɗaya, a ƙetaro da kwale-kwale lokacin da kogi ya kawo, ko a ratso ta busasshen mashigi da rani. Su ma ya kamata su yi lissafi har ƙarshe. Garin Diffa yana cikin yankin bakin iyaka, inda doka ta ba ƴan duwan ikon tambayar takardar kaya a kan hanya ko a cikin sito. Kayan da ba su da kitans, wato shaidar biyan fito, ana iya ƙwace su, a haɗa da motar da ta ɗauko su, a ƙara da tara. Kafin ranar ta zo ma, mai su yana biya a kowane shinge, kuɗin da babu rasit, babu iyaka, kuma ba ya hana shinge na gaba ya nemi nasa. A yankin da masu ɗauke da makamai ke karɓar kuɗi a wasu mashigai, abin da aka hana baitulmali yana iya ƙarewa a hannun waɗanda suka kori manoma daga gonakinsu. Mai irin wannan kaya kuma ba ya iya neman kwangilar gyaran motocin gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji, banki ma ba ya kallonsa. Garin neman gira, an rasa ido.

Ƙarfen da bai shiga ba, da ƙarfen da bai daɗe ba

Akwai asarar da ta fi fito zafi, wadda babu hannun duwan a ciki. Mota ba ta da suna ɗaya kamar yadda ake kiran ta a tasha. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda ita ce raƙumin wannan zamani a hanyar Ngigmi da Ngurti, tana da samfurin HZJ 75 da aka ƙera har zuwa 1999, da HZJ 79 da ya gaje shi. Injinsu ɗaya ne, amma ƙafafun gabansu sun bambanta. Motocin da ake kwancewa a Japan sitiyarinsu a dama yake, don haka akwai ƙarafan sitiyari da fitilun gaba da ba za su dace da motar da ke bin hanyoyin Nijar ba. Kowane ƙarfen Toyota yana da lambarsa mai alƙaluma 10, kowace mota tana da lambar shasi. Wanda ya yi oda da hoto da kwatance, ba da lamba ba, caca ya yi. In ƙarfen ya iso bai shiga ba, ya riga ya biya jigila da fito, kuma mayar da shi Dubai ya fi sayen wani tsada.

Sai matsalar jabu. Kwalin yana ɗauke da tambarin kamfani, rubutun ya fita tsaf, ƙarfen ciki kuwa wata uku ba zai yi ba. In jabun matatar mai ce, inji ne zai tafi. In ta birki ce ko ta sitiyari, rayuka ne, a kan hanyar da ke da nisan zango tsakanin asibiti da asibiti. Haka manoman rani ke fama da ƙananan injinan ban-ruwa da suka cika gaɓar kogin, waɗanda ƙarafansu ke bin hanyoyin nan guda. Injin da ya tsaya mako ɗaya lokacin da tattasai ke fure, ko kamyon da ya kwana goma a kan duwatsu lokacin da buhuna ke jiran kasuwar Talata, asararsu ta ninka bambancin kuɗin da ke tsakanin ƙarfen kirki da na jabu sau da yawa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Abin da ke hannun kowa

Ƴan kasuwa suna da abin yi wanda bai jira kowa ba. Kafin a aika da kuɗi, a kai jerin kayan wajen taranziter mai lasisi, ya fitar da lambar kowane ƙarfe da kasonsa, a san jimlar tun kaya suna can. A nemi faktir ɗaya, mai bayani dalla-dalla, a biya ta hanyar da ke barin shaida. Masu ƙananan shaguna su haɗa oda su cika kwantena ɗaya da sunan ƙungiyarsu, domin jigilar da aka raba wa mutum ashirin tana rage darajar CAF ta kowa, fito ma ya ragu da ita. Kayan da suka taso daga teku suna iya tafiya ƙarƙashin takardar wucewa har zuwa biron da za a yi musu duwan, ba tare da sun biya fiton wata ƙasa a hanya ba. Wannan ce kaɗai hanyar halal ta kauce wa biya sau biyu. Sannan duk dalar da aka biya a karɓi kitans, a adana ta tare da kayan har ranar da aka sayar da na ƙarshe.

Magabata ma suna da nasu kason, kuma bai buƙatar miliyoyi. A liƙa jadawalin fito na ƙarafan da aka fi shigowa da su a ƙofar biron duwan na Diffa da na Maine-Soroa, da Faransanci da Hausa da Barbarci, a karanta shi a gidajen rediyo. A zauna da ƙungiyoyin masu sufuri da makanikai a fitar da ma'aunin kimanta injinan gwanjo, a bayyana shi ga kowa, a riƙa sabunta shi, don a rufe ƙofar tayi da albarka. A ƙayyade kwanakin da kaya masu cikakkun takardu za su yi a hannun duwan, wanda ya wuce su ya ba da dalili a rubuce. A sa ido kan kayan da ke shigowa da takardar yafe haraji da sunan ayyukan agaji, domin duk kwalin da ya zille daga can ya faɗa kasuwa, mai shagon da ya biya fito ne yake kashewa. A teburin shawara da Najeriya kuma, maganar biya sau biyu ta cancanci a ɗora ta, ko da amsarta za ta ɗauki lokaci.

Ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan shafi yana da ƙafa a kowane gefe. Albashinsa na ƙarshen wata, wani babban kaso nasa daga ƙofar duwan yake fitowa. Motarsa kuma, da motar ɗaukar marasa lafiya ta gundumarsa, a layin garaji ɗaya suke da na kowa. In ya roƙi abokinsa na duwan ya rage masa a kan ƙunshinsa, ya sani cewa abin da aka rage masa za a nemo shi ne a kan wanda ba shi da aboki. Shi kuma ɗan duwan da ya riƙe kaya masu cikakkun takardu don a zo a gan shi, ya sani cewa kowace kwana da ya ƙara, ya tura wani ɗan kasuwa zuwa bakin kogi da dare.

Diffa ba za ta matso kusa da teku ba, kuma kason fito ba a Diffa ake yanke shi ba. Abin da ake iya gyarawa a nan shi ne mutum ya san abin da zai biya kafin ya saya, ya biya shi sau ɗaya a wuri ɗaya, ya karɓi takarda, ya ɗauki kayansa a ranar da aka ce. Ɗan kasuwa yana iya jure haraji mai nauyi in ya san nauyinsa, domin zai sa shi cikin farashi tun farko. Wanda bai san adadinsa ba shi ke sa ya ninka riba don tsoro, manomi da fasinja su biya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba masu nema sa'a, ya kai matafiya gida lafiya.